Ranar Da Na Bar Lauyancina A Bakin Ƙofa

Masu turo min saƙo suna tambayar dalilin shiruna na kwana goma, ga amsarku. Ban yi ciwo ba, data ma ba ta ƙare ba. Abin da zan rubuta ne ni kaina ba na son karantawa.

Ga wanda yau ya fara shigowa: sunana Najeeba, a Bagadaza nake, gidan Alhaji Bappayo. Shekara biyar na yi a Kampala ina karatun lauya, na dawo na yi makarantar lauyoyi, yanzu wata takwas ke nan ina aiki a ƙarƙashin Barista Lazarus. Wanda nake so sunansa Mu'az, gyaran waya yake a Tudun Wada, gidansu kuma a Kumbiya-Kumbiya.

Abba bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya ce zai tambayi asalin yaron da halinsa kamar yadda kowane uba yake yi. Sharaɗi ɗaya ya kafa min: kafin ya gama, kada ƙafata ta taka gidansu.

A danginmu ba a kirana Najeeba sai a gaban Abba. Tun ranar da na yi wa Goggo gyara a maganar rabon gado, a gaban surukanta, aka sa min Alƙaliya. Kowa ya yarda na yi karatu, kowa kuma ya yarda karatun ne zai hana ni zaman aure. Ku riƙe wannan, za ku buƙace shi.

Makonni biyu da suka wuce aka yi wa Inna Asta, mahaifiyar Mu'az, aikin yanar ido. Yayata, Adda Su'ad, ita ta ce abin kunya ne a yi wa tsohuwa aiki ban leƙa ba. Ta ce za ta raka ni, mu je mu dawo kafin azahar, Abba ba sai ya ji ba. Ban yi musu ba. Ina son zuwa.

Ranar Alhamis sau uku Adda ta sa na sauya kaya. Doguwar rigar da na saka ta ce ta 'yan ofis ce. Leshin ta ce ba biki za mu ba. Muka tsaya a kan atamfa ruwan ƙasa mai ganye-ganye, riga da zani, da mayafin Umma mai kauri wanda yake sauka har gwiwa. Ta cire min agogo, ta goge ɗan janbakin da na shafa da gefen yatsanta. Muka ɗauki farfesun kaza a kula, da kwalbar zuma, da kankana guda.

A cikin Keke ta karanta min dokoki. A ƙasa zan zauna, ko an nuna min kujera. Ba haɗa ido. Ba ambaton sunansa. In an tambaye ni ra'ayi a kan komai, ko gishirin miya ne, amsa ɗaya ce: duk yadda Inna ta ce.

"Lauyancin nan naki," in ji ta, "ki tuɓe shi a bakin ƙofa tare da takalminki. In mun fito ki ɗauki abinki."

Na yi dariya a lokacin.

Gidan ƙarami ne, a share tas. Daga zaure sai ɗakin Mu'az a hannun dama da kwaɗo a jiki, sannan tsakar gida da bishiyar lemun tsami. Inna Asta tana kishingiɗe a kan katifa a baranda, an manne idon hagu da auduga, an ɗora baƙin tabarau a kai. Na daman ma ba ya gani sosai, shi za a yi wa aiki nan gaba. Ta ce inuwar mutum kawai take rarrabewa. Ta lalubo hannuna ta riƙe, ta shafa yatsuna ɗaya bayan ɗaya, ta ce da Adda hannun nan bai san taɓarya ba, amma ba komai, injin niƙa ya zo. Ta kira ni ɓingel am, wato 'yata. Na zauna a tabarma kaina a ƙasa. Komai yana tafiya yadda Adda ta tsara.

Wajen sha ɗaya da rabi muka ji sallama a zaure, kafin a amsa sun shigo. Maza uku. Biyu da kayan gida da rigar 'yan sanda ta sama, ɗaya da bindiga. Ba zan faɗi ofishinsu ba. Na gaban, mai riƙe da fayil, ya gaida Inna da ladabi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ce an sace wata waya mai tsada, an bi sawunta da na'ura, ta nuna gidan nan. Za su duba ɗakin ɗanta. Inna ta ce ɗanta yana shago, a jira shi. Ya ce babu lokaci, kuma sun zo da takarda. Ya zaro ta ya ɗaga.

Kun tuna a ƙasa nake zaune. Takardar tana lilo a hannunsa daidai saitin idona. Kaina a sunkuye yake, amma idona a buɗe. Wasiƙar ƙorafi ce wadda mai wayar ya rubuta wa shugabansu. Babu hatimin kotu, babu sa hannun majistare, babu sunan gidan. Ban yi daƙiƙa biyar ba na gane.

Na rubuta jarrabawa a kan wannan. Sashe na talatin da bakwai na tsarin mulkin ƙasa ya ce sirrin mutum, da gidansa, da wasiƙunsa, da maganarsa ta waya, abin karewa ne. A Hausar tsakar gida: ba a buɗe ɗakin mutum a birkita shi don wani ya yi zargi. Sai da takardar izinin bincike daga kotu, in ban da 'yan lokutan da doka ta ware. Ko kuma mutanen gida su ce bismillah da bakinsu. Wannan ƙofa ta ƙarshe suka zo nema, makullinta kuma yana ɗaure a haɓar zanin Inna Asta.

Ta juyo da baƙin tabaraunta wajena.

"Ɓingel am, ni ba na gani. An ce ke kin karanci shari'a. Takardar nan tasu, in ba su makullin?"

Adda ta mintsine ni a cinya ta ƙarƙashin mayafi.

Na ce, "Duk yadda kika ce, Inna."

Na san abin da za ku rubuto min: laifin Adda ne, laifin al'ada ne. Ku bari. Mintsini ba ya ɗinke baki. Lissafi na yi, kuma da sauri na yi shi. In na yi magana za su tambayi sunana su rubuta, kafin la'asar Abba ya ji. In na yi magana, abin da Inna za ta tuna da ni shi ne yarinyar da ta zo dubiya ta tsaya cacar baki da maza a tsakar gidanta, Alƙaliya ta tabbata. Sannan na ce wa kaina Mu'az ba ɓarawo ba ne, su duba, me za su samu? Na auna ɗakinsa da sunana, na zaɓi sunana.

Inna ta kwance makullin ta miƙa.

Daga inda nake ina hango cikin ɗakin. Suka ɗaga katifa, suka zazzage akwati, suka jawo durowar teburinsa. A nan yake ajiye wayoyin mutane waɗanda suke jiran a kawo kayan gyaransu daga Kano, don shagon nasa na katako ne, an taɓa fasa shi. Kowace waya da ɗan farin salatif a bayanta, da sunan mai ita da rubutunsa mai kwanciya. Suna jefawa a buhu ina ƙirgawa a zuci, don ban da abin yi sai ƙirga. Ashirin da uku. Suka haɗa da baƙin littafin da yake rubuta sunan duk wanda ya kawo gyara, da lambarsa, da ranar.

Da suka fito mai fayil ya ɗora takarda a gwiwarsa ya yi rubutu da Turanci. Cewa ita Asta da yardarta ta buɗe musu ɗaki, ba tilas. A ƙasa ya rubuta kayan da aka ɗauka, ya sa ɗigo biyu, ya bar wurin fili. Doka ta ce a lissafa kayan a gaban mutanen gida kafin a fita da su. Ya goga mata tawadar biro a babban yatsa, ya kama hannunta ya dangwala. Ya waiwayo ya ce ko ɗayanmu za ta sa hannu a matsayin shaida. Adda ta ce mu baƙi ne, dubiya muka zo.

Na ga filin nan da aka bari. Na san me ake bari a cike daga baya. Shirun farko ku kira shi tsoro in kuna so. Na biyun ban samo masa suna ba har yau.

Bayan sun fita Inna Asta ta ba mu haƙuri. Ita ta ba mu haƙuri. Ta ce mun zo da alheri mun tarar da tashin hankali. Ta lalubi wata kwalbar man shanu a gefen katifa ta ce in kai wa Umma. A bakin ƙofa na saka takalmina, ban kalli Adda ba.

Daga gidan shagonsa suka wuce suka tafi da shi. Kwana huɗu ya yi. Ni na roƙi Barista Lazarus ya shiga maganar, na ce masa wani ne da muka sani. Bai tambaye ni ba, ya je ya karɓo belinsa ranar Litinin. Ya dawo ofis ya jefa kwafin takardar nan a teburina. Filin ya cike. Wayoyi tara. Littafi babu.

Wayar da ake nema tana cikin taran, gaskiya ne. Wani ne ya kawo ta a canza mata gilashi, sunansa da lambarsa suna cikin baƙin littafin, littafin kuma a takarda bai taɓa wanzuwa ba. Sauran sha huɗun masu su suna zarya a ƙofar shagon. Akwai wata ma'aikaciyar jinya, Millicent, da ta ce ita ba wayar ta dame ta ba, muryar mahaifiyarta da ta rasu bara tana ciki. Mu'az ya rufe shago. A layinsu an fara cewa dama ana zargin yana karɓar kayan sata.

Barista Lazarus mutumin Kaltungo ne, ya yi shekara talatin yana wannan aiki, ba ya ɗaga murya. Ya bayyana min abin da na riga na sani, kamar yana karanta wa ɗaliba. A kotunanmu ba a zubar da hujja kai tsaye don an samo ta ta hanyar da ba ta dace ba, alƙali ne yake aunawa. Amma zai shigar da ƙara a kan keta haƙƙi, ya nemi a dawo da kaya da littafi. Matsalarsa yatsan tsohuwa. Za su ce an ba su izini, kuma tara suka ɗauka. Ita ba ta ga takardar da aka nuna ba, ba ta ga abin da aka zuba a buhu ba. Yana buƙatar mai ido.

Ya ce ya tambaye ta ko akwai wani a gidan. Ta ce baƙi biyu mata, amma ta ƙi faɗin sunansu. Wai 'ya'yan mutane ne, ba za ta ja su gaban hukuma ba. Ya tambayi Mu'az, shi ma ya ce bai sani ba.

Na ce, "Allah sarki," na ci gaba da buga wasiƙar da nake bugawa.

Da yamma saƙon Mu'az ya shigo. Na kwafo muku shi yadda yake:

"Barista, kar ki damu da maganar shaida, ban faɗa wa ogan naki kin zo ba kuma ba zan faɗa ba. Inna ta ce kanki a ƙasa yake har suka fita, me za ki gani. Tun jiya take yabonki. Wai a zamanin nan ba ta zaci akwai sauran mai kunya irinki ba, an tambaye ki ma kin bar wa manya magana. Ta ce in ban aure ki ba ba ta yafe ba. Kin ci jarrabawa."

Ya sa fuskar dariya guda biyu. Mutumin da ya kwana huɗu a kan siminti.

Na rubuta "Mu'az, akwai abin da" na goge. Na rubuta "Alhamdulillah" na tura.

Na kira Adda. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce mu ba mu je ko'ina ba ranar Alhamis. Mijinta ya san tana wajen tela, Abba ya san ina ofis. Ta ce tsohuwa ta rufa mana asiri, yaron ya rufa mana asiri, ni ce zan tona kaina? Ta ce wayoyi ana sayen wasu, suna kuwa in ya zube ba ya kwasuwa. Na ce ai sunan nasa ne yake zubewa. Ta ce namiji ne, zai tashi. Sai ta sassauta murya ta ce, in na faɗa masa na gani na yi shiru, ina ganin zai sake kallona kamar da?

Wannan tambayar ta riƙe ni kwana biyu. Ba tsoron Abba ba. Na fi son ya ci gaba da ɗaukata mai kunya a kan ya san ni.

Ranar Alhamis, mako guda cif, Millicent ta zo ofishinmu da kayan aikinta, ta zauna a bencin baƙi tana jiran Barista. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta tambaye ni ko in an goge waya ana iya dawo da murya. Na ce ban sani ba. Da ta tafi na shiga wajensa na rufe ƙofa, na faɗa masa a tsaye.

Ya cire tabarau ya ajiye.

"Kin karanta takardar da suka ɗaga?"

"Na karanta."

"Kin ƙirga?"

"Ashirin da uku, da littafi."

Ya daɗe yana kallon fanka. Ya ce ranar da ya ɗauke ni aiki ya tambaye ni sashen nan, na kawo shi ba tuntuɓe, har ya gaya wa matarsa ya samu yarinya mai kai. Ya turo min farar takarda.

"Daga yau ke ba lauya ba ce a fayil ɗin nan, shaida ce. Za su tambaye ki a gaban abokan aikinki me ya sa lauya ta yi shiru. Za a karanta sunan mahaifinki da unguwarku. In za ki janye, yanzu ne."

Na ja kujera na rubuta. Sakin layi goma sha ɗaya. Na bakwai shi ne mai cewa na gane ba takardar kotu ba ce, an tambaye ni, ban faɗa ba. Washegari da safe na je na yi rantsuwa a kai, aka buga hatimi.

Ranar Juma'ar bayan la'asar Abba ya aiko Umma ta kira ni falonsa. Yana zaune da farar jamfar masallaci bai cire ba, hularsa a hannun kujera. Ya ce in zauna. Ya ce ya gama tambayarsa. Gidan mutunci ne, uban ya rasu da kyakkyawar shaida, amma yaron an kama shi da wayar sata a ɗakinsa, mutum uku sun gaya masa a masallaci yau. Ya ce ba zai yi min dole ba, amma shi ya rufe wannan magana.

Kafin in shigo falon na riga na ɗauki hoton takardar rantsuwar, shafi biyu, na tura wa Mu'az. Ban haɗa da ko kalma ɗaya ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na zaro ta daga cikin mayafi na ajiye a gaban Abba. Ya saka tabarau. Abba ya yi shekara talatin da biyar yana karanta fayil a aikin gwamnati, ba ya tsallake layi. Na ga inda ya kai sunan Kumbiya-Kumbiya, don a nan yatsansa ya tsaya. Na jira faɗa. Ya ci gaba.

"Ke da wata 'yar'uwarki," ya ce, idonsa a kan takardar. "Su'ad ke nan."

Na gyaɗa kai. Ya juya shafi. Da ya gama ya koma sakin layi na bakwai ya sake karantawa.

"Matar nan ba ta gani?"

"Ba ta gani, Abba."

"Ta tambaye ki?"

"Ta tambaye ni."

"Me kika ce mata?"

Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ninke, ya saka a aljihu a hankali.

"Zuwan da kika yi, tsakanina da ke ne, za mu yi maganarsa. Amma shekara biyar ina amsa wa dangi gori a kan na tura 'ya mace wata ƙasa. Ina ce musu ranar da za ta yi amfani tana zuwa." Ya tura min takardar. "Ashe ta zo ta wuce."

Da ya mare ni ya fi min sauƙi.

Ya tambaye ni ko yaron ya sani. Na duba wayata a ƙarƙashin mayafi. Alamar ta koma shuɗiya tun minti arba'in da suka wuce. Ya buɗe, ya karanta. Bai rubuta komai ba, ko alamar yana rubutu babu.

Na ce, "Yanzu ya sani."

Sai muka ji mashin ya tsaya a ƙofar gida. Na san ƙarar, salansarsa ta fashe tun watan azumi. Wata shida Mu'az yana jiran amsar Abba, bai taɓa wuce bakin layinmu ba. Aka kashe injin. Aka yi sallama a zaure, ba muryarsa ba, muryar tsohuwa, da ƙarar sanda tana laluben dakali.

Na yunƙura zan shige ciki. Abba ya ɗauki hularsa ya saka.

"Zauna," ya ce. "Ta yi miki tambaya ba ki amsa ba."